Zaffar Maulidi a garinmu: bana ta wace hanya za a bi?

A Sudan ba kwana ɗaya ake yi wa Maulidi ba. Tun ƙarshen watan Safar ake buɗe shi da jerin gwanon da ake kira zaffa, a yi ta raya dare har daren 12 ga Rabi'ul Awwal, a rufe da abin da mutanen nan ke ce wa gafla. Wanda ya taɓa zuwa Maidanul Khalifa a Umdurman kafin yaƙi ya san yadda abin yake a birni. Kowace ɗariƙa da rumfarta da tutocinta, Ƙadirawa nan, Sammaniyya can, ga Khatmiyya, ga Tijjanawa, ga Ansar, kowa da irin bugunsa, a tsakiyar fili kuma ga dogon sandan nan da ake kira sari an rataye masa fitilu. Wannan shi ake nunawa a talabijin. Na ƙauye ba mai ɗauka, kuma a wurina shi ya fi daɗi, domin a birni kallo kake zuwa, a ƙauye kuwa kai ne abin kallon, kai ne mai dafa abincin, kai ne kuma za ka share filin da safe.

Garinmu yana kudu da Rusayris, a gabashin kogin Nil Azraƙ. Ba zan faɗi sunansa ba, duk ɗan jihar nan ya san dalili. Ni yanzu a Damazin nake zaune, amma ban taɓa yin gafla a waje ba sai cikin shekarun nan uku.

Kakanninmu ba rana ɗaya suka zo ba. Wasu hanyar hajji ta ƙasa ce ta kawo su, guzuri ya ƙare, suka tsaya noma don su tara na gaba, gaban bai zo ba har suka tsufa. Wasu kuwa cikin ayarin hijira suka taho bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin watan Yulin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin wannan kogi, kudu da Sinnar, wajen 1906. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, wasu dubbai suka biyo baya. Namu kakannin masunta ne da manoman juruf, wato gonakin bakin ruwa da ake shukawa idan kogi ya janye. Suka yi ta bin ruwa suna hawa kudu har suka tsaya inda suka tsaya. Duk abin da ke cikin zaffarmu daga wurare biyu ya fito: wanda suka ɗauko a ka daga yamma, da wanda suka tarar a nan.

Shiri yakan fara tun tsakiyar Safar. Bayan sallar isha'i dattawa su zauna a ƙofar masallaci su naɗa lajna, mutum bakwai ko tara, a yanka wa kowane gida abin da zai kawo. Mai hali ya ba da kuɗi ko akuya, marar hali ya ba da mudun dawa ko ɗaurin itace, wanda ba shi da ko wannan ya ba da ƙarfinsa wajen kafa rumfa. Ba a rubuta sunan wanda bai bayar ba. Wannan doka ce da ba a taɓa faɗinta ba, amma na ga an sauke wani ma'aji saboda ya karanta sunaye a bainar jama'a, yana ganin shi tsari ya kawo.

Sai a tashi mutum biyu zuwa kasuwar Damazin su sayo halawa. Duk yaron da ya tashi a ƙasar nan ya san su: simsimiyya ta riɗi, fuliyya ta gyaɗa, hummusiyya, da lakum mai danƙo. Sarauniyarsu kuwa ita ce arusa, 'yar tsanar sukari ja da ake yi wa ado da takarda mai walƙiya kamar fuka-fukai, ana saya wa 'yan mata, yara maza kuma a saya musu doki na sukari da mahayinsa. Daga Masar al'adar ta gangaro. Ba a cinye su ranar da aka kawo. Yarinya takan ɗora arusarta a kan akwatin uwarta ta yi ta gadinta daga ƙannenta da tururuwa har ranar gafla, sannan a fasa a raba. Ƙanwata ta taɓa riƙe tata har watan azumi, aka wayi gari ta narke ta manne da murfin akwati, kuka har maƙwabta suka shigo tambaya ko rasuwa aka yi.

Ranar zaffa, da an idar da la'asar, sai ka ji nuba ta fara. Babbar ganga ce mai zurfin murya, ta 'yan ɗariƙar Ƙadiriyya, kana jin ta a ƙirjinka kafin kunnenka. Tutar masallacin Juma'a ce ke gaba, liman da muƙaddamai na biye, sai almajirai da allunansu an yi musu zayyana sabuwa, sai masu tar suna madihu da Larabci. Daga nan sai namu na gida: mai algaita, wadda mutanen Sudan suka mayar kaita, kumatunsa sun kumbura kamar zai fashe, da mahauta da kalangunsu. Mata na gefe cikin tob, guɗa na tashi. A ƙa'ida kalangu ba ya shiga sahun gaba, malamai ba sa so. Amma kafin a kai rabin gari sahun ya cakuɗe, ba wanda ke iya cewa ga inda zikiri ya tsaya ga inda wasa ya fara.

Can ƙarshen ayari kuma akwai zaffar yara, wadda ba lajna ce ke shirya ta ba, kuma ba mai iya hana ta. Sukan zaɓi ɗayansu, yawanci mafi ƙiba ko mafi surutu, su naɗa masa tsohon zani a matsayin rawani, su yi masa gemu da auduga, su ɗora shi kan jaki su ce shi ne sarki. Ga dogaransa da bulalar kara, ga alƙalinsa da tsumman littafi, ga wani ya shafa toka ya ɗaura gwangwani a wuya wai shi likita ne. Suna tafe suna kwaikwayon manya, kuma ba sa kuskure. Shekarar da aka yi wani mai shago da ke tauye mudu, sai ga yaro da ƙaramin gwangwanin tumatir yana auna ƙasa yana rantsuwa cewa mudu ne cikakke. Gari ya yi ta dariya, mai shagon ma ya yi, don ba yadda zai yi, kuma mudunsa ya gyaru na 'yan watanni. Da na girma na fara hulɗa da 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar sai na gane inda abin ya samo tushe. Can suna da tashe, da yara ke yi daga goma ga azumi suna shigar ban dariya gida-gida, suna kuma da kalankuwa, bikin kaka da samari ke naɗa wa junansu sarautun wasa. Mu ba mu riƙe sunayen ba, amma ga dukkan alamu ɗan abin da ya saura ne ya sami mafaka a wutsiyar zaffa. Su ma can Maulidi bai tsaya a karatu kaɗai ba: Kano na da Takutaha, ranar da ake hawa dutsen Dala mako guda bayan Maulidi, Daura kuma na da sallar Gani da hawan sarki.

Abin da baƙo ba zai lura da shi ba shi ne hanyar da ayarin ke bi. Ba gajeriyar hanya ake nema ba. Ana tsayawa a ƙofar duk gidan da aka yi rashi a shekarar a yi fatiha. Ana tsayawa a ƙofar tsohuwar da ta fi kowa shekaru ta fito ta sa albarka. Ana bi ta bakin maƙabarta a sassauta kiɗa. Idan gidaje biyu na gaba, lajna takan san yadda za ta karkata hanya ta bi ta ƙofar duka biyun, don kada ɗaya ya ce an ware shi. Wanda zaffa ba ta bi ta ƙofarsa ba shekara biyu a jere ya san akwai magana.

Dararen sha biyun kuma kowanne da unguwar da ke ɗaukar nauyin abinci. Fatta ta mutanen ƙasa tana nan, amma tuwon dawa da miyar kuka su ke fara ƙarewa, ga waina, ga ƙosai, ga godo-godo, wato furarmu da nono da duk Sudan ta sani da wannan suna. Mahauta kuma su kafa wuta su yi agashe. Yau agashe ya zama na kowa, daga Bur Sudan har Niyala, masu cinsa da yawa ba su san kalmar Hausa ce suke faɗi ba. Bayan an ci sai karatu. Masu Maulidin Barzanji su yi, masu na Sayyid Muhammad Usman Almirgani su yi, amma idan dare ya raba, aka rage mutane, sai tsofaffinmu su jawo Ishiriniyar Alfazazi da irin karin da suka gada, wani na ja wani na fassarawa da Hausa. A nan na fara jin kalmomin da ba a faɗinsu a kasuwa. Yaranmu na yanzu da Larabci suke mafarki, a makaranta shi, a waya shi, har a gida idan uwa ta yi tambaya da Hausa da Larabci ake ba ta amsa. Waɗannan dararen ne kaɗai a shekara ake ɗaga Hausa a lasifika ba tare da wani ya waiwaya ya ga wa ke ji ba.

Maƙwabtanmu Hamaj da Barta suna zuwa, kuma ba a matsayin 'yan kallo ba. Musulmi ne, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a, shehinsu na da tabarmarsa kusa da ta liman. Mu ma idan lokacin darat ya yi, wato kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, muna zuwa nasu bikin da ake kira jada'un nar, jefa wuta. Tsohuwar al'ada ce ta ƙabilun wannan yanki, kowace da yadda take yin tata, kowane ƙauye da ranarsa. Gundarinta dai ɗaya ne: ba a taɓa sabon amfanin gona sai mai riƙe da al'adar ya ba da izini, a kunna wuta a jefar da bakin wutar, alamar an kori cuta da sharrin shekarar da ta wuce, sannan a shiga kwanakin ci da rawa. A nan ake fito da waza, ƙahonnin Barta da ake haɗawa da duma, goma ko fiye, daga gajere kamar damtse har wanda ya kai tsayin mutum. Kowane ƙaho murya ɗaya tak yake bayarwa, don haka ba mai iya busa waƙa shi kaɗai, sai kowa ya jefa tasa a daidai gurbinta. Dattawanmu ba sa zama inda ake shan marisa, wasu ma ba sa son a ambaci bikin. Duk da haka kifi busasshe da gishiri sukan tafi daga gidajenmu, mu yara kuma mu bi sawun waza har sai an aiko a kamo mu da kunne.

Karo na farko da zaffa ta rikice ba faɗa ne ya jawo ba, ruwa ne. Dam ɗin Rusayris da aka gama a 1966, wanda shi ya mayar da Damazin birni, an ƙara masa tsayin mita 10, aka buɗe a farkon 2013. Tabkin ya faɗaɗa ya cinye ƙauyukan bakin ruwa, aka kwashe dubban iyalai zuwa sababbin garuruwan da aka raɗa wa lamba maimakon suna, Madina 6, Madina 7, da sauransu. Tsohon filin Maulidinmu da tsamiyar da ake jingina sari a jikinta suna ƙarƙashin ruwa yanzu. A sabon wuri gidaje a layi suke kamar bariki, ƙauyuka da yawa an zuba su wuri ɗaya, juruf ɗin da aka gada kuma ya tafi. Sai da aka yi shekara biyu ana gardama kafin a daidaita sabuwar hanyar zaffa, aka kuma tsara ta da gangan ta ratsa unguwar maƙwabta kafin ta dawo fili. Amma ƙasar noma ta riga ta yi kaɗan, kowa kuma ya fara tambayar wa ya riga wa zuwa.

Abin da ya biyo baya kun san shi, wasunku ma a jikinsu yake. Babbar Sallah ta 2022 ta kama 9 ga Yuli, ba a gama cin naman layya ba faɗa ya tashi a yankin Gaisan ya bazu zuwa Rusayris da Ganis, a kan ƙasa da kuma neman da Hausawa suka yi na a ba su masarautarsu a tsarin mulkin gargajiya, abin da sauran ƙabilu suka ƙi. Hukumomin lafiya sun ƙirga gawa fiye da 100 a watan. Maulidin shekarar ya faɗo 8 ga Oktoba, daidai bakin darat, lokacin da a da za a fita daga gafla a shiga jiran waza. Ba a cika mako biyu ba Wad Almahi ta kama da wuta, aka kashe sama da mutum 200. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce daga Yuli zuwa ƙarshen Oktoba an rasa rai fiye da 350, kusan mutum dubu 97 kuma sun bar gidajensu. An kashe namu, an kashe nasu. Mai busa mana algaita yana cikin waɗanda suka gudu zuwa Rabak, can ya rasu a sansani, ba harsashi ba, ciwon ƙirji. Algaitar na wurin ɗansa, ɗan kuwa raksha yake tuƙawa, bai taɓa koyon busa ba.

A farkon 2023 an sa hannu kan yarjejeniyar zaman tare a Damazin, mutane suka fara komawa kaɗan-kaɗan. Sai ga yaƙin 15 ga Afrilu. Madani ta faɗi a Disamban 2023, Sinja a ƙarshen Yunin 2024, hanyar Damazin zuwa arewa ta yanke, buhun sukari ya zama abin da ake tambayar kuɗinsa a yi shiru. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamban 2024, Madani a Janairun 2025, hanya ta buɗe, amma farashi bai san an buɗe ba. Shekara uku ke nan ba a fita zaffa a garinmu. Karatu dai ana yi, cikin masallaci, ba lasifika, a watse kafin goma.

Bana, wato 2025, Maulidi zai kama farkon Satumba, tsakiyar damina, lokacin da baƙar lakar nan tamu ba ta barin komai ya wuce sai tarakta. Na je gida makon jiya na tarar an zauna a kan maganar har sau uku ba a tashi da matsaya ba. Masu cewa a bari suna da hujja. Rabin gidajen da ke ba da akuya ba su dawo ba. Kwalara na yawo tun bara, taron ci da hannu a akushi ɗaya ba wasa ba ne. Akwai kuma samarinmu da suka yi karatu wurin Ansarus Sunna, su a wurinsu duk abin bidi'a ne, a da sukan yi shiru su kauce, yanzu suna faɗi a fili, har ɗaya ya ce watakila abin da ya same mu sakamakon irin waɗannan ne. Ban yarda da shi ba, amma ban ga amfanin zaginsa da wasu suka yi ba. Yaron ya binne ƙannensa biyu, yana neman dalili ne ko ta ina.

Kuɗi sun zo da sauƙi fiye da yadda aka zata. 'Yan garin da ke Saudiyya da Bur Sudan da wuraren haƙar zinariya sun buɗe zaure a WhatsApp, cikin kwana huɗu aka turo ta Bankak abin da zai sayi halawa da buhun dawa biyu. Maganar abinci ma mata suka kashe ta, suka ce bana ba akushi, kowa a ƙulla masa nasa, ruwa kuma a tafasa.

Hanya ce ta gagara. Idan aka bi ta da, dole a ratsa unguwar maƙwabta, a tsaya fatiha a ƙofar gidajen da aka yi rashi, kuma kowa ya san wasu rashe-rashen hannun wa ya jawo su, ta ɓangaren nan da ta can. Idan aka gajarta aka zaga cikin unguwarmu kawai, to an faɗa musu magana ba da baki ba, kuma za su ji ta sarai. Wani ya kawo shawarar a tsaya a fili kawai, ba jerin gwano. Kawuna, wanda ya yi shekara ashirin yana riƙe tutar gaba, ya dube shi ya ce, "Ɗana, wannan ai ba zaffa ba ce, zaman makoki ne da ganga." Da na raka shi gida na ce, "Kawu, in aka bi ta can aka jefo dutse fa?" Ya ce, "To sai mu san inda muke. Yanzu kai ka sani?"

Ni ina bayan a bi tsohuwar hanya, amma ba a yi musu ba-zata ba. Ganga da tuta da taron samari su shigo unguwar mutanen da suka ga abin da suka gani a 2022 ba tare da sanarwa ba, wannan neman fitina ne, ko da niyyar ta fi madara fari. A da ba a aika gayyata, don ba a gayyatar ɗan gida. Bana sai an aika, a kuma ji amsa kafin a ɗaga sari. Daga ƙarshe a kan haka lajna ta tsaya: za a fita bayan la'asar a dawo kafin magariba, ba kalangu, ba sanda a hannun kowa ko ta tsoho ce, zaffar yara kuma a sa manya biyu su bi ta a baya, su tabbatar ba a kwaikwayi wani daga can ɓangaren ba.

Saura wa zai kai saƙon. Liman ya ce in ya je da kansa abin ya yi nauyi, in aka ƙi ba wanda zai sake komawa. Samari ba a yarda da bakinsu ba. Ana cikin haka Gwaggo, tsohuwar ungozomarmu, ta aiko jikarta ta ce a bar mata. Ta ce rabin samarin unguwar can ita ta yanke musu cibiya, shehinsu ma ita ta karɓi 'ya'yansa uku, in akwai mai iya rufe mata ƙofa tana so ta gan shi da idonta. Ta nemi a ba ta goro ƙwarya ɗaya da simsimiyya kilo biyu, da yaron da zai riƙe mata hannu saboda santsi. Ranar Alhamis za ta je, in ruwa bai sauka ba.